Abin da Ke Cikin Idon Kardinal

"Yallaɓai, kar ka motsa," in ji mijina cikin raɗa. "Ga shi nan."

Jan tsuntsun nan kardinal ya dira kan ƙaya, tukkunsa a miƙe, yana rera waƙa kamar maƙogwaronsa zai tsage. Baƙon namu, ɗan Bogota, ya danna kyamara har da ƙwalla.

"Wannan shi ne 'yanci! Yaya kuke yi suna zuwa?"

Na ce, "Ai mijina waliyyi ne, Yallaɓai. Tsuntsaye gaisuwa suke zuwa."

Na ƙara baza faffaɗar rigata, na tare masa gindin ƙayar.

Hoton ya ci gasa. Aka buga shi girman bango a garin Riohacha, aka gayyaci waliyyin nawa domin masu gadin daji su karrama shi. Yana ta washe baki, ni kuwa ina kallon idon tsuntsun, wanda ya zama kamar faranti. Ga kejinmu raɗau a ciki, da namijin kardinal ɗin da muke ɓoyewa don ya yi kuka, na daji su sauko faɗa.

Shugaban masu gadin ya goge tabaransa, ya matso.