Cibiya a Kan Dutse

Tanimu, na ji dariyar da ka yi ɗazu da rediyo ta ce hukumomin binciken sararin samaniya na ta harba kumbo, wai suna neman yadda ɗan Adam zai tare a duniyar wata, inda ba iskar shaƙa, ba ko tsiron ciyawa. Ka ce wanda bai gama da gonar ubansa ba, me ya kai shi noman sama. Gyara zama, in ba ka wani misali.

An yi wani ƙauye a bakin kogi, ƙasarsa baƙa ce mai albarka, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Aibinsa guda ne: in kogin ya yi fushi, yakan shigo har ƙuryar ɗaki, ya kwashe rumbuna ya yi gaba. A bayan ƙauyen kuwa akwai wani ƙaton dutse mai sanƙo, ko akuya ba ta hawansa, don ba abin da za ta tsinta. Wata shekara ruwa ya cinye wa wani manomi hatsinsa har da irin shuka. Da ya gama jimami, sai shi da matarsa suka ɗauki kwanduna suka fara jidar ƙasa suna kai ta bisa dutsen. Maƙwabcinsa, wanda gonarsa ke gindin dutsen, yakan tsaya ya dafa fartanya ya ce, "Sannu, sarkin noman sama. In ka girbe tsakuwar, a sammana mu yi kunu." Ruwan farko da ya sauka ya wanke ƙasar tas, ya zubo ta cikin gonar maƙwabcin, har shi maƙwabcin ya aiko da goron godiya, wai an kawo masa taki kyauta. Manomin ya ci goron, ya koma jida. Wannan karon sai da suka jera duwatsu suka yi wa ƙasar katanga kafin su zuba. Shuka ta tsiro, rana ta ƙone ta. Suka nemo wani kwarmi da ruwan sama ke taruwa, suka rufe shi da zana don kada rana ta shanye shi, ruwan da suka wanke ƙwarya da shi ma ba ya zuba a banza, gindin shuka ake kai shi. Suka hau da kashin awaki, suka hau da toka. Damina ta bi damina, wuyan matar ya yi kanta saboda gammo, har gero ya yarda ya fitar da kai. Gajere ne, iyakarsa gwiwa, amma gero ne. Suka kafa bukka suka tare a can.

Duk da haka dattawan ƙauyen ba su sallama ba. Suka ce wannan zango ne, ba gari ba, tunda har yanzu ƙasa suke saukowa neman wuta da gishiri da ungozoma. Gari shi ne inda aka binne cibiyar ɗa, kuma ba a taɓa jin wanda ya haƙa dutse ya binne cibiya ba. Maganar ta tsaya wa matar a rai, don a lokacin tana da tsohon ciki, tana tsoron kada a ce ɗanta ba shi da mahaifa. Ana cikin haka kogin ya yi wata irin cika da ko kakanni ba su ba da labarinta ba. Ya ci gonaki, ya ci rumbuna, ya kai ga jinkar ɗakuna. Mutane suka rasa tudun dafawa, sai 'yar hanyar nan da ƙafafun mutum biyu suka goge a jikin dutse. Ta nan aka hau da tsofaffi da goyo da awaki, maƙwabcin na gaba-gaba. Suka tarar da ruwan sha a ƙarƙashin zana, da ɗan rumbu cike da gajeren gero. A wannan taron ne naƙuda ta kama matar, ta sauka lafiya. Ungozoma ta naɗe cibiyar a tsumma, ta tsaya tana waige-waige, ba ta san inda za ta kai ta ba. Manomin ya nuna mata gindin gero. Ta durƙusa ta fara tono da hannu, dattawa sun kewaye ta suna jiran su ji farcenta ya karci dutse. Hannun ya shige har wuyansa, ya shige har gwiwar hannu, ƙasa ce dai baƙa mai sanyi. Sai ta ɗago ta rangaɗa guɗa. Da ruwa ya janye, da irin geron dutse aka sake shuka ƙauyen kaf, suka kuma koyi yi wa gona katanga da tattalin ruwa. Wasu gidaje ma ba su sauko ba.

To, Tanimu, su ma waɗancan masu kumbo jidar ƙasa suke yi. Yau abin da suke da shi a sama zango ne, komai daga nan ake kai musu, kuma ko za a binne cibiya a can, Allah ne masani. Amma sun san kogi bai yi wa kowa alkawari ba, shi ya sa ba su ajiye kwandon ba. In za ka yi dariya ka yi, sai dai ka rage ta gobe, don mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.