Ɗaki a Kan Dandamali

Tun da teku ta cinye rabin Ikko, hukuma ta zuba su Tabawa a tsohon gidan wasan kwaikwayo na bakin ruwa. Jama'a na kwana tsakanin kujeru, ita da mijinta Ilu kuwa aka yanka musu ɗaki a kan dandamali. Gatan nan bai kwanta mata ba.

Tana tankaɗe ta raɗa masa, "Malam, garin da suke raba mana warin magani yake."

"Ke dai yi shiru."

Sai ta tuna an gina rufin nan ne don raɗar ɗan wasa ta kai kujerar ƙarshe. Can saman bene, wani jami'i ya ajiye shayinsa.

Kafin la'asar ya sauko da sabon buhu, yana murmushi.

"Wannan ba ya wari, Hajiya."