Takardar da Ba Sa Hannu

Ƙanena ya rasu, kuma ya tafi da sunan mai maguɗi a kansa.

Direban bas ne. Ni na koya masa wasan ces, darar Turawa, muna yara, da marafan kwalba a madadin sojoji. Kafin ya shekara goma sha biyar ya daina barina in ci ko sau ɗaya. A ƙungiyar 'yan ces ta unguwarmu ba a ɗauke shi a bakin komai ba, don yana zuwa da warin mai a riga. Ni kuwa ko sunana ba sa riƙewa, sai dai su ce yayan Direba.

Gwanin ƙungiyar shi ne Mai Magani, wanda ke da kantin magunguna a bakin titi. Shekara tara kofi yana hannunsa. Bara ƙanena ya zauna gabansa a wasan ƙarshe, ya lallasa shi cikin awa biyu.

"Direba, yau ka take ni ba ko oda," in ji Mai Magani, yana dariyar yaƙe.

Bayan mako guda kwamitin ƙungiyar ya sami takarda ba sa hannu. An rubuta cewa Direba yana yawan tashi zuwa bayi ana tsakar wasa, kuma mai takardar ya gan shi da idonsa yana duba waya a can. Kowa ya tuna: sau biyar ya tashi a ranar. Aka tambaye shi dalili, ya ƙi faɗa. Aka karɓe kofin, aka hana shi shiga zauren wasan.

Duk unguwa ta ce aikin Mai Magani ne. Matar ƙanena ta daina sayen ko maganin tari a wurinsa. Ni ma na daina gaishe shi.

Ƙanena bai sake taɓa allon ba. Wata bakwai ya ƙara a duniya.

Ranar da muke karɓar gaisuwa sai ga Mai Magani. Ya ratsa masu gaisuwa. Ya durƙusa gaban mahaifiyarmu.

"Mama, ni nake sayar masa da maganin suga. Ciwon ne ke kai shi bayi. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, don in kamfaninsu ya ji, za a karɓe motar. Yaya za a yi in rubuta abin da na san ƙarya ne?"

"To wane mugu ne?" in ji Mama.

"Wanda ya san Direba ba zai iya kare kansa ba. Kuma mu da muka san ciwon ba mu da yawa."

Da zai fita ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Daga baya Mai Magani ya kai wa kwamiti takardun asibiti. Suka ce ciwo bai hana duba waya ba, tunda akwai wanda ya ce ya gani. Ba za su wanke sunan ba sai shaidan ya fito da kansa ya janye.

Jibi za su sake zama, Mama ma za ta je. Don Allah ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan ƙanena, ni kuma ya ba ni ƙarfin miƙewa a gaban Mama in ce ni na rubuta.