Allurar da Ba Ta Motsi

Wani direba ne ya rasu. Bai bar wa ɗansa gona ba, bai bar masa gida ba, sai wata tsohuwar akori-kura, irin wadda sai an ɗan ɗaga ƙofarta kafin ta rufu. Kujerarta ta lotsa daidai jikin marigayin, sitiyarin ya yi santsi inda tafin hannunsa ya saba kamawa. A gaban direba akwai agogo uku. Na gudu ya mutu tun tuni, na mai sai an ƙwanƙwasa shi yake farkawa, amma na zafin inji lafiyarsa lau. A kan gilashinsa marigayin ya ɗiga jan fenti da tsinken ashana. Shekara talatin, in allura ta taɓa wannan ɗigo, ko a ina yake sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya shimfiɗa buzunsa a inuwarta har ta huce.

Bayan an share makoki ɗan ya kama tuƙi. Sai allura ta soma abin da ba ta saba ba: tun ba a fara hawa ba ta kai ɗigo, ta tsaya tana rawa. Ya kai motar wurin wani tsohon bakanike, abokin ubansa tun suna yaran mota. Tsohon ya kwance agogon tare da siririyar wayarsa ta tagulla, ya tsoma bakin da ke shiga cikin inji a tukunyar mai shayin gareji. Ruwa na ɗumi allura na tashi a hankali, yana tafasa ta hau kan jan ɗigo ta zauna. Ya ce, "Ɗana, agogon nan bai yi maka ƙarya ba. Lagireto ne ya toshe da tsatsa. Bar min ita kwana uku in sauke shi in wanke."

Sai dai yana maganar yana shafa bonet. Ɗan kuwa ya tuna ranar zaman makoki ya ji tsohon nan yana gaya wa mutane cewa babu inji irin wannan a duk garin, an daina yin irinsa. Zuciyar wanda aka yi wa rashi kamar gyambo take, ko ƙuda ya sauka sai ta ji. Nan take ya shiga saƙe-saƙe. Kwana uku a hannun wa? Wa zai ga abin da aka cire, wa zai ga abin da aka mayar? Yau lagireto, gobe inji, jibi a ce masa ya sayar ya huta, mai sayen kuwa ga shi tsaye yana shafa bonet. Ko shayin da tsohon ya miƙo masa bai sha ba. Ya ce, "Baba, bari in yi shawara tukuna." Ya karɓi agogonsa ya tafi.

Shawarar tasa ta ƙare a wurin wani mai wayarin a bakin tasha. Wannan ya juya tsohon agogo a hannu ya yi dariya, ya ce ai tsufa ne, allura ma takan ruɗe kamar mutum. Ya sa masa sabo fil mai koriyar fitila. Da bakin sabon ya ƙi shiga ramin tsohon inji, sai ya toshe ramin da noti, ya nannaɗe wayar ya cusa a bayan allon agogunan inda ido ba ya kai. Daga ranar allura ta kwanta luf a gefen sanyi. Ɗan ya ji daɗi, har yakan wuce ta gaban garejin tsohon bai rage gudu ba.

Ran wata kasuwa ya yi lodin doya, ya kama doguwar hawa da tsakar rana. Ya ji wari kamar an manta buta a kan wuta. Ya dubi agogo, allura na kwance. Ya ji tafin ƙafarsa ya ɗauki zafi. Ya sake duba, tana kwance. Sai ya ƙara taka mota. Injin ya yi tari sau biyu, tururi ya rufe gilashi, ya buga, ya yi shiru, irin shirun da ɗan ya riga ya sani tun ranar da aka rufe idon ubansa. Allura kuwa tana nan inda take, koriyar fitila na haska ta.

Tsohon bakaniken ne ya zo da igiyar ja. Bai ce na faɗa maka ba. Ya leƙa injin, ya cire hularsa ya goge ido da ita, ya dafa bonet kamar mai dafa kafaɗar aboki. A nan ɗan ya gane abin da hannun nan yake shafawa tun farko.

Har yau motar tana ƙarƙashin mangwaron gareji, kaji na ƙwai a kan kujerar da ta lotsa. Tsohon agogon na rataye a ɗakin ɗan, da jan ɗigonsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.