Tsatsar Motar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan.

Shekara biyu Baba yana walda a ƙarƙashin tsohuwar motarsa. Ya yanke inda tsatsa ta cinye, ya liƙa sabon ƙarfe, bayan sati guda tsatsa ta dawo.

Jiya ya fito idonsa jajir, hannunsa duk ƙuna.

“Auta, ƙarfen nan ya fi ƙarfina. Amma na kusa gamawa, in je in ɗauko mamanku. Ta gaji da jira.”

Na ce, “To, Baba.”

Shekara uku da rasuwar Mama, shi ya manta. Ranar da motar ta tashi, ban san inda zai nufa ba.

Yau da safe na sake jiƙa gishiri a bokiti, na watsa ƙarƙashin motar, don tsatsar ta dawo.