Zanen Jirgin Baba

Auta ya zazzage akwatin ƙarshe a tsakar rumfa, bai samu komai ba sai tsofaffin ƙusoshi da wani zarto da haƙoransa suka zube. Ya zauna a kan akwatin ya share gumi. A wannan rumfa mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana ƙera jiragen ruwa, kuma a cikinta ya ce zanen yake.

"Yana nan a rumfa," in ji tsohon ana gobe zai rasu. "Ba abin sawa a aljihu ba ne. Ba zai ɓace maka ba."

Shi Auta kafintan kujeru ne da gadaje. Tun yana ƙarami aka kai shi birni koyon sana'a, don haka aikin Baba daga nesa ya san shi. Abin da yake tunawa kaɗan ne: ƙanshin katako, da dusar zarto da ta lulluɓe ko'ina, da Baba mai hana kowa shiga rumfarsa da takalmi, kai ka ce masallaci. Inna ma takan tsokane shi cewa gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi.

Jiragen Baba ba irin na yanzu ba ne masu ɗaga hanci suna tsalle a saman ruwa. Nasa masu nauyi ne, cikinsu ya zauna cikin ruwa, suna ture shi gefe da ƙirji, da ɗan inji mai bugawa a hankali. Ba su da sauri, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya kife ba. Sirrin yana cikin lanƙwasar haƙarƙarin jirgin, ita kuwa ba a yin ta da ka, sai da zane.

Bayan an share makoki wani mai fito ya zo. Jirgi yake so, irin na Baba, ba wani ba. Yayyen Auta suka yi masa magana a fili: in ya iya ƙerawa, rumfa ta zama tasa, in ya kasa, za su sayar da filin a raba.

Allah ya sa yana da Kawu. Ƙanen Inna ne, wanda ya daɗe yana yi wa jiragen Baba fenti. Tun ranar rasuwa bai bar shi ya yi maraici ba. Shi ya gyara ƙofar rumfar, ya toshe inda rufin yake yoyo. Da ya ce gara ta cinye daɓen katakon, kada wani ya karye, shi ya kawo leburori suka ɗaga falankan a hankali suka loda a mota, aka zuba siminti. Bai yarda Auta ya biya komai ba.

"Ɗan 'yar'uwata ne kai," ya ce. "Wa zan yi wa in ban yi maka ba?"

Tare suka yi ta nema. Suka duba saman rufi, suka kwance katifar marigayi, suka birkice adakar Inna har ta kore su da tsintsiya. Auta ya bi maƙera jiragen da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka nuna masa zanen jirage masu gudu, wasu suka ce irin na Baba ya tafi da masu shi. Katakon da ya saya yana jingine, injin yana cikin buhu, shi kuma yana ramewa.

Kawu ya dube shi wata rana ya yi dariya. "Ɗan nan, ka koma wa kujerunka. Kujera dai ba ta nutsewa da mutane."

Auta ya yi dariyar shi ma, amma ba ta kai ciki ba.

Ana nan sai ya haɗu da mai fito a bakin ruwa. Mutumin ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito da maganar. Ya samu wanda zai ƙera masa, irin na Baba sak, har an kafa ƙashin bayan jirgin. Ko wane ne? Ya ce an roƙe shi kada ya faɗa.

Auta ya juya ya bar bakin ruwan. Ashe zanen bai ɓace ba, ɗauke shi aka yi. Ya shiga lissafa tsofaffin ma'aikatan Baba a zuci, yana auna kowa, yana zargin kowa. Mutum ɗaya ne zai iya gane masa ɓarawon, don shi ya san su duka. Bai ko koma gida ba, ya nufi wajen Kawu.

Matar Kawu ta ce yana baya. Auta bai taɓa sanin akwai wani abu a bayan gidan ba, sai ga sabuwar rumfa doguwa, ƙofarta a buɗe. Kawu yana ciki, bayansa wani dogon abu lulluɓe da tamfol. Da ya ga mai shigowa sai ya taho da sauri, hannu a miƙe, yana cewa su je zaure, nan akwai ƙura.

Amma Auta yaro ne mai tarbiyya, ba ya gaida babba a tsaye. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ƙasa.

Sai idonsa ya sauka a kan daɓen. A share yake tas, ba dusa ko kaɗan, ba kuma alamar gara a jikinsa. Tsofaffin falankan rumfar Baba ne aka jera kowanne a mazauninsa, kuma daga ƙarƙashin gwiwoyin Auta har ƙarshen rumfar, ga jirgin nan kwance da cikakken girmansa, haƙarƙari bayan haƙarƙari, kamar yadda Baba ya zana shi da bakin ƙusa.