Kiran da Ya Saura a Bakinsa

Firist, mai hidimar ɗakin ibada, ya tsoma tsuntsu mai rai cikin jinin wani tsuntsu da aka yanka, ya yayyafa wa wani kuturu da ya warke, ya saki tsuntsun.

"Ka tsarkaka, bawan Allah. Wani ya mutu dominka, kai sai rawar ƙafa kake. Je ka."

Ya yi aski da wanka, ya ruga cikin gari. Shekara goma yana bayan ganuwa. Ba gashi, ba gyambo, anya matarsa za ta gane shi? A bakin kasuwa ya buɗe baki zai yi ihun murna, sai kiran gargaɗi na kutare da doka ta koya masa ya fito:

"Marar tsarki! Marar tsarki!"

Kasuwa ta watse, malamai a kan gaba. Mace ɗaya ce ta yar da tulunta ta nufo shi, matarsa. Fuskarsa baƙuwa ce gare ta, amma muryar kullum tana jin ta ta bayan ganuwa.